Baƙi ashirin a tsakiyar sanyi: me za a ɗora a wuta?

Tambaya: Ina zaune a Maraɗi. Dangin maigidana, kusan mutum ashirin, za su zo mana daga Tasawa tsakiyar watan Janairu, har da uwar mijina da ƴan uwanta dattawa. Za su iso da hantsi su kwana ɗaya. An ce mini in yi soyayyar shinkafa da kaji, amma kuɗin hannunmu ba za su kai ba, kuma ban taɓa girki ga mutane masu yawa haka ba. Me zan dafa, kuma nawa zan auna?

Amsa: Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah Ya kawo su lafiya. Ki kwantar da hankalinki, kin yi sa'ar wata. Duk shekara babu lokacin da kasuwar Maraɗi ke cika da kayan miya kamar daga Janairu zuwa Maris. Lambunan bakin Gulbi da gonakin rani na Jiratawa suna fitar da tumatir, salati, shu (kabeji), karoti da ɗanyen tattasai. Hatsin bana yana nan bai yi tsada irin ta bazara ba, wake sabo ne, gyaɗa sabuwa ce, aya ta bushe, kabewar kaka ba ta ƙare ba, zabbin da aka ƙyanƙyashe da damina kuma sun isa yanka. A kan waɗannan za ki gina girkinki. Abubuwan da sanyi ke tsadar da su kuwa ki san su tun kafin ki fita: ɗanyar zogala, domin itacen ba ya toho sosai cikin hunturu, da ɗanyar kuɓewa, da nonon shanu da ke raguwa in ciyawa ta bushe. In za ki iya, ki yi cefanen ranar Litinin ko Juma'a da sassafe, ranakun da ƴan karkara ke shigo da kaya.

Shawarata: fura idan sun sauka, dambu da farfesun zabo da salati da rana, tuwo da miyar taushe da dare, da safe kunun gyaɗa da ƙosai. Kuma ki yi lissafin mutum ashirin da biyar. Direba zai ci, maƙwabta za a kai musu, almajiri zai yi sallama, kuma da wuya a ce mutum ashirin za su zo ba a riƙo yaro ko biyu ba. Awon da zan ba ki da tiya ne, wadda ke ɗaukar wajen kilo biyu da rabi na gero.

Dambu shi ne zuciyar ranar, shi zan fi daɗewa a kai. Ki sayi masara tiya uku, a surfa, a bakace dusar, a kai inji a ɓarza. Ki faɗa wa mai injin tsakin dambu kike so, kada ya niƙe. Idan kin dawo ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Tsakin da ya rage a sama za ki samu wajen tiya ɗaya da rabi, shi ne na dambu. Garin da ya zuba ƙasa ki adana, na tuwon dare ne. Wannan tankaɗen ba abin rainawa ba ne: duk garin da aka bari cikin tsaki shi ke shan tururi ya zama tuwo-tuwo ya liƙe sauran.

Ki wanke tsakin sau biyu ko uku, dusar da ta taso ki zubar, ki rege saboda tsakuwa, sannan ki juye a kwando ya tsane wajen rabin awa. Ga gwajin da za ki yi da hannunki: ki damƙi cikin tafi ki matse. Idan ruwa ya fito tsakanin yatsunki, bai tsane ba. Idan kin buɗe hannu ya watse kamar yashi, ya bushe da yawa, ki yayyafa masa ruwa ki bar shi ya sha. Wanda ake so shi ne ya dunƙule, amma da kin taɓa shi da yatsa ya rushe.

Ruwan tukunyar ƙasa kada ya wuce rabi, kuma ya riga ya tafasa kafin ki ɗora madambaci. In ruwa ya yi yawa zai riƙa tsalle yana taɓa gindin madambacin, sai ƙasan dambu ya caɓe sama na nan ɗanye. Mahaɗar tukunya da madambaci ki naɗe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, ko ki liƙe da kwaɓaɓɓen gari. Idan kin ga tururi na fita ta gefe, to wuta kawai kike ƙonawa. Ki zuba tsakin a hankali, kada ki danna, kada kaurinsa ya wuce taƙi ɗaya, sannan ki soka masa ramuka huɗu ko biyar da gindin muciya. In madambacinki ƙarami ne ki aro na biyu ko ki yi zubi biyu. Cusa tiya ɗaya da rabi cikin ƙaramin madambaci shi ne kuskuren da ya fi yawa ga mai girkin taro na farko. Kuma kada ki turara cikin buhun leda kamar yadda wasu ke yi, zafi na sa ledar ta saki wari da abin da bai kamata ya shiga ciki ba.

Turarin farko na masara minti 40 zuwa 45 ne, daga lokacin da tururi ya ɓullo ta sama. In da tsakin shinkafa kika yi, minti 25 zuwa 30 ya isa. Ki juye a babbar roba, ki farfasa da muciya tun da zafinsa, ki yayyafa ruwan ɗumi da aka narkar da gishiri a ciki, kofi biyu zuwa uku, kaɗan-kaɗan kina juyawa. Gishirin da aka barbaɗa a bushe ba ya bin dambu daidai, wani ya samu lami wani ya samu zau.

Yanzu ganye. Tunda ɗanyar zogala ta yi tsada, ki nemi busasshiya mai kore, wadda aka shanya a inuwa. Wadda ta yi ja-ja rana ta ƙone ta ko ta tsufa. Tiya ɗaya ta ishe ki. Ki tsince itatuwan, ki tafasa minti 10 zuwa 15, ki zubar da ruwan don ɗacin ya tafi, ki wanke ki matse sosai. Kada ki sa mata kanwa, tana narkar da ganye ta kuma kashe wani ɓangare na amfaninsa. Ki cike da abin da lokacin ya ba ki arha: shu madaidaita biyu, yanka siri-siri, karoti takwas a goge, lawashi dami ɗaya, albasa shida, tattasai goma da attarugu huɗu a jajjaga. Shu na ɗauke da ruwa, don haka ki barbaɗa masa gishiri kaɗan ki bar shi minti goma ki matse kafin ya shiga. Albasar wannan wata ma sabuwa ce mai ruwa, ba irin busasshiyar albasar Galmi da ke cika kasuwa Maris da Afrilu ba, saboda haka ki sayi daidai bukata, ba ta ajiyuwa.

Man gyaɗa kwata uku na lita. Ki ɗora shi a wuta da yankakkiyar albasa har ta yi ja, wannan ke kashe gafin ɗanyen mai da kumfarsa. Rabi ki zuba cikin dambun ki cakuɗa da ganye da kayan jajjage da dakakken ƙuli-ƙuli kofi uku, rabi ki ajiye a kai wa baƙi a ƙaramin kwano. Ki mayar madambaci a karo na biyu, minti 25 zuwa 30. Idan ya yi, za ki ɗebi kaɗan ki murza tsakanin yatsu biyu ya baje ba tare da ƙwaya mai tauri a tsakiya ba, kuma ki zuba daga cokali ya sauka warwas. In kin ji tsaki-tsaki, yayyafin ruwan zafi da ƙarin minti goma zai gyara. In ya caɓe, ki baza a faranti ya sha iska, ki ƙara ƙuli-ƙuli, ki mayar ba tare da murfi ya rufe ruf ba. Ɗanyar albasa kada ki haɗa a ciki in ba yanzu za a ci ba, ita ke fara sa dambu tsami.

Zabo biyar sun ishe ki in an yanka kowanne gida takwas, shida in akwai hali. Wajen saye ki danna ƙarshen ƙashin ƙirji: in ya lanƙwasa, na bana ne, zai yi laushi da wuri. In ya yi tauri kamar itace, tsoho ne, zai ci miki wuta. Naman zabo ba shi da kitse kamar kajin gona, shi ya sa doguwar suya ke mayar da shi kamar igiya. Farfesu ya fi dacewa da shi, kuma cikin sanyin nan romo mai zafi ya fi wa dattawa daɗi. Bayan an fige a babbaka shi sama-sama a wanke. Ki zuba a tukunya ba ruwa, da albasa uku, tafarnuwa, citta, gishiri, ki rufe a kan wuta kaɗan minti 15 ya fitar da ruwan jikinsa. Sannan ki zuba ruwan zafi lita uku zuwa huɗu, da masoro, kanumfari kamar ƙwaya goma, daudawa biyu, da kimba uku. Kimbar ki fasa ki zubar da ƴaƴan, su ke kawo ɗaci. Tumatir goma sha biyu da busasshen tattasan Difa da aka jiƙa ki markaɗa, ki dafa su daban har ruwan ya ƙone, ki soya a mai kaɗan, sannan ki juye cikin romon. Tsamin tumatir lokaci ke kashe shi. Awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata a wuta mai sauƙi, ki gwada da cinya, ita ke ƙarshen nuna. Ki ware ƙirji da cinyoyi masu laushi na kwanon surukarki tun a tukunya, kafin a fara rabo.

Salati kai shida, tumatir, karoti da kokwamba. Ganyen lambu ruwa iri-iri ke taɓa shi, har da taki, kuma ɗanye za a ci. Gishiri ko ruwan tsami kaɗai ba su isa wankinsa ba. Ki ɓare ganye ɗaya-ɗaya ki wanke ƙasar, sannan ki jiƙa minti 15 cikin ruwa lita goma da aka sa wa babban cokali ɗaya na jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, marar turare marar sabulu, ki ɗauraye da ruwan sha sau biyu, ki tsane. Mai da gishiri da lemun tsami sai lokacin ɗauka, in ba haka ba zai yi laƙwas kafin ya kai gaban baƙi. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kada su kusance shi sai an wanke da sabulu.

Fura ba sai na koya wa ƴar Maraɗi ba. Gero tiya ɗaya ya isa. Abu biyu kawai: ki bar dunƙulen ya dahu har ciki, wajen rabin awa, ki fasa ɗaya ki gani ba farin gari a tsakiya kafin ki kirɓa, sannan ki yi maganar nono da mai kawo miki tun kwana biyu kafin ranar. Ƙanƙara ba ta da wuri a furar Janairu.

Abin sha na rana, kunun aya ne ya fi dacewa da mu, tunda ƙasar Maraɗi ce gidan aya a Nijar, musamman wajen Agye da Cadawa. Kilo biyu na busasshiyar aya zai ba ki lita takwas. Ki tsince baƙaƙe da masu huji, ki rege sosai domin aya ba ta rabuwa da tsakuwa, ki jiƙa tun daren jajibiri, ki canza ruwan da asuba. Dabino rabin kilo a cire ƙwallo a jiƙa, citta da kanumfari kaɗan. A kai markaɗe, amma ki tsaya a ɗauraye injin a gabanki, in ba haka ba za ki sha kunun aya mai yajin attarugun wani gida. Ki tace sau biyu da ƙyalle mai laushi. Aibinsa ɗaya: ba ya jira. Awanni kaɗan a waje ya fara tsami da yauƙi. Da an tace a zuba a gorori a sa firigo, ko a jera cikin kula a zagaye da ƙanƙarar da ke cikin ledarta. In ba ki da tabbacin sanyi, ki koma zoɓo: giram 250 a lita takwas, a wanke yashin, a tafasa da citta minti 15, a tace. Kada ki bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa na cin ƙarfen ya canza ɗanɗano.

Da dare abin da dattawa ke jira tuwo ne. Garin da kika tankaɗe ki cike shi ya kai tiya biyu. Talgen ya dahu minti 20 kafin ki fara zuba gari, wannan ne ke raba tuwo mai daɗi da mai warin ɗanyen gari. Ki rage wuta lokacin tuƙi, ki zuba gari kaɗan-kaɗan don gudun gudaji, ki rufe ya sulala minti 15, ki sake tuƙawa, ki kwashe da mara a kwanoni. Miyar taushe kuwa: kabewa kilo uku, wadda cikinta ya yi ja, ƙashi mai ɓargo da tantaƙwashi kilo ɗaya da rabi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa rabin kilo, alayyahu, yakuwa, daudawa da kayan miya. Ki dafa kabewar cikin romon ƙashi har ta farfashe da ludayi. Yakuwa, ɗanya ko busasshiya, sai daga baya, domin tsami na hana kabewa laushi in ya riga ta shiga. Gyaɗa ki dama da ruwan ɗumi kafin ki zuba, daga nan kada ki yi nisa da tukunyar, kamu take yi a gindi, kuma ƙauri in ya shiga miyar taushe ba ya fita. Alayyahu minti biyar na ƙarshe.

Wata magana kan gyaɗar, ko gujiya kamar yadda muke cewa, domin ta shiga dambu, ta shiga miya, za ta shiga kunu. Ki zauna ki tsince ta da kanki. Duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ko mai ɗaci, ki zubar. Fumfunar gyaɗa na haifar da guba mai lahanta hanta, suya da tafasa ba sa kashe ta. Ƙuli-ƙuli ma ki saya wurin wadda kika san gyaɗarta.

Tsarin lokaci shi zai cece ki fiye da komai. Ranar jajibiri a gama surfe, ɓarza, tankaɗe, tsintar zogala da gyaɗa, dakan yaji, jiƙon aya, da surfen waken ƙosai a shanya. Ranar zuwa, fura da markaɗen aya tun da safe, zabo ya hau wuta wajen ƙarfe goma, turarin farko sha ɗaya, na biyu sha biyu da rabi, yadda ana fitowa sallar azahar abinci na sauka. Murhu biyu aƙalla. Kular abinci ki ɗauraye ta da ruwan zafi kafin ki zuba abinci. Duk abin da ya huce ya zauna a waje fiye da awa biyu ba a ci ba, a sa shi a sanyi, kuma kafin a sake ci a ɗumama har tururi ya ratsa shi.

Ki nemi mata biyu su kama miki, ɗaya a kan dambu ɗaya a kan wanke-wanke da aike. Dalili shi ne surukarki ba don dambu kaɗai ta taso daga Tasawa ba. Idan sun sauka ke za ki tare su, ki durƙusa ki ce, "Inna, sannunku da hanya, ya mutanen gida?", ki kawo ruwa da hannunki, ki zauna ko minti goma ne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Rabo kuwa faranti ɗaya ga mutum huɗu ko biyar, maza daban, mata daban, yara nasu ba yaji, Inna da ƴan uwanta kwanonsu mai murfi. Yaji da soyayyen mai a gefe, kowa ya sa daidai bakinsa. Ki tambayi maigidanki ko cikin dattawan akwai mai hawan jini ko ciwon suga, sai a rage gishiri da dunƙule a nasu, a ɗebar musu kunun aya kafin a sa suga. Ruwan wanke hannu a buta ya zama mai ɗumi. Gawayi da kayan shayi a ba samarin gida, wannan aikinsu ne.

In wata rana zuwan ya faɗo wani lokaci, girkin zai canza. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, salati ya ƙare, kunun aya ba firigo kasada ne, sai a koma zoɓo, tsamiya da mangwaro, kuma a dafa daf da ci. Da damina ganye ne sarki: ɗanyar zogala, tafasa, yaɗiya, gasaya, rama, ga ƙwan zabo da nono a wadace, hatsi ne ke tsada. Shi ya sa a Fabrairu da Maris ake yanka tumatir a shanya kauɗa, wake kuma a ɗaure shi tun yanzu cikin buhun PICS mai hawa uku, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska ba sai an zuba magani ba.

Saura safiya. Tuwon da ya kwana a yanka a ɗumama shi har ciki, dattawa da yawa sun fi son ɗumame da komai. Kunun gyaɗa lita takwas: markaɗaɗɗiyar gyaɗa rabin kilo a dama a tace, ta tafasa sosai har gafin ya fita, a ɗaure da gasarar gero ko farar shinkafa, ruwan tsamiya ko lemun tsami bayan an sauke. Ƙosai wake rabin tiya. A jiƙa surfaffen waken awa ɗaya, a markaɗa da albasa da attarugu da ruwa kaɗan, ƙullin ya yi kauri. Ki buga shi da muciya minti goma har ya yi fari ya tashi, gishiri sai za a fara suya. Ki ɗiga kaɗan a man: in ya nutse ya zauna, man bai yi zafi ba, ƙosan zai sha mai, in ya yi ja nan take, wuta ta yi yawa, cikin zai fito ɗanye. Kaskon farko na Inna ne, a kai mata da zafinsa tare da kunun, kafin a fara ɗaura kaya a mota.